Gidan Abincin da Ya Hana Mu Cin Rabin Abincinsa

Abu na farko da ya kamata Musulmi ya sani game da girkin mutanen Foland shi ne, alade ba ya sallama kafin ya shiga kwano. Ba lallai ka ga tsoka ba. Yana iya zuwa a man da aka soya albasa, ko a romon da aka ɗora miya a kai, ko a 'yan gutsattsarin soyayyen kitse da suke barbaɗawa a saman abinci kamar yadda muke barbaɗa ƙuli a kan kwaɗo. Faranti zai zo gabanka ba ka ganin komai sai dankali da kabeji, amma in ka bi diddigi ka tarar da shi kwance a ƙasan tukunya. Don haka baƙo irina a ƙasar nan ba shi da madogara sai bakin wanda ya yi girkin. In ya gaya maka gaskiya ka tsira, in ya ɓoye maka ba ka da hanyar ganewa.

Na san wasunku za su ce, ita kuma wannan me ya kai ta Foland, 'yar ketarin da muke bin layin ruwa tare a hostal? To ba arziki ne ya sauko ba. Yayana ne ya gama karatu a can bara. Asali a Yukren yake, a birnin Karkif, sai yaƙi ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, ya bi ayarin ɗaliban da suka tsallaka iyakar Foland. Daga baya ya samu ya ci gaba da karatunsa a Olshtin, wani birni a arewa maso gabashin ƙasar. Da bikin yaye su ya matso, Baba ba shi da lafiya, Inna kuma ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta hau jirgi ba. Kawu ne ya biya tikiti, ni kuma na yi ta safa da marwa tsakanin gida da Abuja har biza ta fito. Saƙon Inna guda ɗaya ne tak: "Ki dubo min ko yaron nan yana cin abinci."

Ba ya ci. Wato yana cika ciki dai, amma ci irin wanda Inna take nufi, babu. Ɗakinsa katan ɗin indomi ne, buhun shinkafa, kiret ɗin ƙwai, sai tumatirin gwangwani. In ya gaji ya je shagon masu kebab. Kusan shekara uku a ƙasar, bai taɓa zama a gidan abincin 'yan ƙasa ba. Ya ce min ranar da suka tsallako iyaka, cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba, masu aikin agaji suna ta miƙa wa mutane miya mai zafi. Shi da abokansa suka wuce ta da yunwarsu, don ba su san abin da ke ciki ba, ba su kuma san yadda za su tambaya ba. Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka, abin da bai dafa da hannunsa ba, ba ruwansa da shi. Harshen ma ya iya daidai gwargwado yanzu, amma dokar tana nan.

Na ce, "Yaya, ni fa girki nake karanta. In na koma aka tambaye ni me suke ci a can, in ce indomi?"

Ya ce, "Auta, ba ki san mutanen nan ba. Komai nasu da alade."

"To mu je mu tambaya mana. In babu abin da za mu ci, mu sha ruwa mu kalli tafki mu dawo."

Da ƙyar ya yarda. Wani ɗan ajinsu ɗan ƙasar ne ya kwatanta mana wani gida a bakin ruwa, ya ce in dai girkin kakanni muke nema, can za mu.

Yankin sunansa Mazuri, kuma ruwa ne arzikinsa. Tafkunan da ke cikinsa sun haura 2,000, da yawansu an haɗa su da koramai da magudanan da aka haƙa, har mutum ya yi kwanaki yana tafiya a jirgin ruwa bai sauka ba. A nan ne Shinyardwi yake, tafki mafi girma a Foland, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 110. Kafin 1945 yankin a hannun Jamus yake. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu aka sake shata iyakoki, Jamusawa da yawa suka bar wurin, aka zo da wasu mutane daga gabas, ciki har da 'yan Foland da ke zaune a kewayen Bilniyus, babban birnin Lituwaniya ta yau. Kowa ya taho da tukunyarsa, shi ya sa girkin yankin ya zama gamin gambiza.

Daga Olshtin muka hau bas, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Mikowayki. Garin yana da wata tatsuniya ta sarkin kifi wanda ya addabi masunta, yana yaga musu koma yana kifar da kwalekwale, har aka kama shi aka ɗaure. Har yau akwai mutum-mutumin kifin da kambi a ka, ɗaure da sarƙa a gindin gada. Daga nan muka ɗan fita bayan gari, zuwa bakin wani tafki da bishiyoyi suka kewaye.

Gidan abincin kansa abin kallo ne. Ginin katako ne, an yi masa jinka da ciyawar bakin ruwa. Kujerun waje tsofaffin kwalekwale ne da aka raba biyu aka kafa su a tsaye, sai ka zauna a ciki kamar mai gadi a rumfarsa. Teburan ciki kuma ƙafafun tsofaffin kekunan ɗinki ne aka ɗora wa katako, har da abin takawar, yara sai wasa suke da shi. An shimfiɗa komar kamun kifi a rufi, an rataye fitilun ƙwai da dutsen guga na gawayi irin wanda ke ɗakin kakata. Bango ɗaya agogo ne zalla, sun fi ashirin, kowanne da nasa lokacin, ba wanda ke tafiya. A kan turken lantarki da ke ƙofar gida akwai wata ƙatuwar sheƙa, da wata irin shamuwa fara mai jan baki da jajayen ƙafafu tsaye a kai. Mutanen ƙasar suna ɗaukar sheƙarta a gida alamar alheri. A watan Agusta take tashi, ta bi ta Turkiyya ta gangaro Afirka, wasu har Sudan da Chadi. Na ce wa Yaya, "Ga 'yar gida nan, ita ba ta neman biza."

Muna zama wata yarinya mai hidima ta ajiye mana kwandon burodi, da kokwamba mai tsami, da wani ɗan kasko cike da farin abu mai kama da man shanun da aka soya da albasa. Yaya ya ture shi gefe da bayan hannu. Sunansa smalets, narkakken kitsen alade ne da suke shafa wa burodi, kuma kyauta ake kawo shi don marabtar baƙo. Na ga fuskarsa ta koma irin ta "ai na gaya miki". Sai na ce, "Yaya, don Allah ka ce a kira mana mai girkin."

Wadda ta fito dattijuwa ce, za ta girmi Inna kaɗan, da gari a hannunta har gwiwar hannu. Yaya ya kira ta Pani, wato yadda suke girmama mace, kamar mu ce Hajiya. Ya yi mata bayani muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara. Ta saurara har ya gama, ta sa aka ɗauke kaskon, har da burodin da ke kusa da shi, aka kawo wani. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta ciro fensir daga aljihu, ta ɗauki takardar jerin abincin ta fara bi ɗaya bayan ɗaya. Yaya yana fassara min.

Ta fara da zhurek, miyar da gidan ya yi suna da ita, wadda suke zubawa a cikin ƙwaryar burodi maimakon kwano. Ana yin ta da garin wani hatsi ɗan'uwan alkama, a jiƙa shi da ruwa da tafarnuwa a bar shi kwanaki har ya yi tsami, kusan yadda muke tsima gasara. Ta ce tana iya tsame naman da ke ciki ba mu gani ba, amma romon kansa da ƙyafaffen naman alade aka dafa shi, don haka a'a. Ta ja layi. Bigos, wato kabeji mai tsami da ake dafawa da nama iri-iri da busasshen naman kaza, wanda suka ce sai ya kwana an ɗumama ya fi daɗi, shi ma a'a. Wani curin dankali mai nama a ciki, girkin da kakarta ta taho da shi daga gabas, a'a. Har soyayyen dankalin da na ɗauka ba ruwansa da kowa, ta ce a kaskon da ake soya nama ake yin sa. Wani kayan zaƙi kuma ta ce akwai barasa a ciki. Kafin ta kai ƙarshen takardar, fiye da rabi ya tafi.

Ni kuma idon 'yar ketarin ya kai kan wasu ƙananan lambobi da ke gefen kowane abinci. Dokar Tarayyar Turai ce, wadda ta fara aiki a Disambar 2014. Ta wajabta wa masu sayar da abinci su sanar da mai saye in akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, irin su alkama, madara, ƙwai, kifi, gyaɗa, waken suya da riɗi. Alade ba ya cikin goma sha huɗun nan. Ke nan duk layukan da matar nan ta ja, ba hukuma ce ta sa ta ba. Da ta tsame naman ta kawo mana miyar, ba mai kama ta, mu ma ba za mu taɓa sani ba.

Na sa Yaya ya tambaye ta yadda aka yi ta fahimci abin haka da sauri. Ta yi dariya ta ce ai su ma suna da nasu hanin. Mabiya ɗarikar Katolika ne, kuma a al'adarsu ba a cin nama ranar Juma'a, musamman a kwanakin azuminsu kafin Ista. Ta ce kakarta ba ta yarda ko cokalin kitse ya taɓa tukunya a ranar. A daren jajiberin Kirsimeti ma abinci kala goma sha biyu suke jerawa ba nama ko ɗaya, sai kifi da kabeji da naman kaza da makamantansu, kuma sukan ajiye faranti ɗaya da kujera ba kowa, ko baƙo zai ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan ne ya sa girkinsu, duk da yawan aladen, yake da wani ɓangare guda da ba ruwansa da nama. Da na ji zancen farantin baƙo sai na tuna da namu karin maganar, baƙonka annabinka.

Ta ƙara da cewa ai Musulmi ba baƙi ba ne a ƙasar. Akwai Tatar, waɗanda kakanninsu suka zauna a wannan sashe na Turai fiye da shekara 600 da suka wuce. A 1679 Sarki Yan Sobiyeski ya ba sojojinsu filaye a madadin albashin da suke bi, kuma har yau masallatansu na katako suna nan a ƙauyukan Kurushinyani da Bohoniki, kusa da iyakar Belarus. Yaya ya ce ya taɓa jin labarinsu, amma bai taɓa zuwa ba.

To me ya rage mana? Wallahi abin da ya rage ya ishi biki. Aka fara kawo huwodnik, miya mai sanyi kalar ruwan hoda, wadda ake yi da kindirmonsu da wani jan tushe mai zaƙi-zaƙi, da kokwamba da ganye mai ƙamshi, da dafaffen ƙwai a tsakiya. Kalar ta fara ba ni tsoro, amma cokali ɗaya na gane dangin nono ce, abin shan zafi. Sai piyerogi, kwaɓin fulawa da ake naɗe wani abu a ciki kamar samosa, amma a tafasasshen ruwa ake dafa shi kamar ɗanwake. Namu na dankali ne da farin cuku da albasa, wanda suke kira ruskiye. Sunan ba daga Rasha ya fito ba, daga wani tsohon yanki ne da yawancinsa ke cikin Yukren a yau, amma duk da haka bayan yaƙin 2022 wasu gidajen abinci sun sauya masa suna zuwa na Yukren. A ka'ida soyayyen kitsen nan ake zuba masa a kai. Pani ta ce ta wanke kasko ta soya mana albasa da man shanu.

Muna cikin ci aka kaɗa wata ƙararrawa a tsakar gida, mutane suka fara miƙewa. Ashe alama ce kifi ya fito daga wurin banda. Sunansa shelawa, ɗan ƙarami ne mai farin jiki, ba ya zama sai a tafki mai zurfi da sanyi da tsabta, kuma shi ne kifin da sarkin nan na gindin gada yake sarauta a kai. Da ɗuminsa aka kawo, fatar ta yi ruwan zinariya, ba yaji ba magi, gishiri ne kawai da hayaƙi. Na ciro ɗan ƙullin yajin da Inna ta ba ni na barbaɗa a gefe. Pani ta ɗanɗana da ɗan yatsa, ta yi tari, ta nemi ruwa, sannan ta ce a bar mata kaɗan. Muka kora da kompot, ruwan dafaffun 'ya'yan itace.

Abin da na lura shi ne kusan komai nasu da tsami ko hayaƙi a ciki, kuma akwai dalili. Hunturunsu dogo ne, ƙasa ba ta fitar da komai na watanni, tafkin da muke kallo yakan daskare har mutane su taka a kai. Kafin zuwan firji, wanda bai tsima kabejinsa da kokwambarsa da gishiri ba, bai ƙyafe kifinsa ba, bai busar da naman kazarsa ba, yunwa ce za ta ci shi kafin bazara. Mu rani ne ya koya mana kilishi da daddawa da busasshiyar kuɓewa, su kuma sanyi ne malaminsu.

Yaya bai yi magana ba sai da ya kusa cinye faranti na biyu. Lokacin ƙarfe takwas na yamma ta wuce, rana tana nan a sama, don a watan Yuli sai wajen tara take faɗuwa a can. Ya ajiye cokali yana kallon ruwa, ya ce, "Auta, da ma haka abin yake da sauƙi?" Ban ce komai ba. Ni dai na ɗauki hoton farantin na tura wa Inna.

A lissafin kasuwa, matar nan asara ta yi a kanmu. Abincin da ta hana mu su ne masu tsada, ta bar kicin ana jiran ta ta zauna da mutum biyu, ta wanke kasko don albasar faranti ɗaya. Kuma ta san da wuya ta sake ganina. Amma tun da na dawo nake juya abin, na ga cewa duk cikin abin da ta sayar mana ranar, jan layin nan ne mafi tsada. Da ta ce komai lafiya, ku ci, da Yaya bai taɓa ko ɗaya ba. Saboda ta ce a'a sau goma sha wani abu, shi ya sa da ta ce e muka yarda.

Na kwatanta wannan da abin da na gani lokacin da nake SIWES a wani otal. Ina gefe ina yankan albasa na ji shugaban masu hidima yana gaya wa sababbi cewa duk baƙon da ya tambayi yaushe aka yi miya, a ce yanzu aka sauke. Duk wanda ya ce a rage masa gishiri, a ce to, a kai masa yadda take. A ganinsa wayo ne. Ni kuma na san wanda ya ce a rage masa gishiri wataƙila likita ne ya hana shi, kamar yadda aka hana Babanmu.

Mu a nan ba mu da fargabar alade a kwano, shi ya sa muke ganin kamar zancen bai shafe mu ba. Amma ku duba kafteriya da rumfunan bakin get. A cikinmu akwai mai olsa, akwai mai ciwon suga, akwai wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi da kumburi, akwai ɗalibin da ya zo daga wata jiha bai san me ake kira miyar kuka ba balle abin da ke cikinta. Sau nawa muka ji an tambayi mai abinci me aka sa a ciki, ta ce, "Kai dai ci kawai"? Sau nawa mu da kanmu muka yi wa mai tambayar dariya, muka ce iyayi ne? Daga nan sai ya daina tambaya, in ya daina tambaya kuma sai ya daina zuwa, ya koma ɗaki da indominsa. Na ga inda wannan hanyar take kai mutum, shekara uku.

Saura 'yan watanni mu ajiye biro. Yawancinmu 'yan ketarin ba aikin gwamnati ke jiran mu ba, kula ce da food flask za mu ɗauka mu fara sayar da abinci a ofisoshi da wuraren biki, wasu su buɗe shago. Ba mu da jarin da za mu yi gasa da manyan gidajen abinci wajen kujeru da na'urar sanyaya ɗaki. Amma faɗin gaskiyar abin da ke cikin tukunya ba ya cin ko sisi, kuma abinci ne kaɗai hajar da mai saye ke haɗiyewa kafin ya san ingancinta.

Furojet ɗina a kan haka nake yin sa: takardar jerin abincin gargajiya guda goma sha biyar, kowanne da bayanin abin da ke ciki da Hausa da Turanci, da irin man da aka yi amfani da shi, da alamar gyaɗa, madara, alkama da yawan gishiri. Wata ƙawata ta ce ai masu abinci ba za su yarda su tona sirrin girkinsu ba. Na ce mata ba a ce su faɗi awo ba, a faɗi abin da aka zuba kawai. Wanda yake son gani, ko yake da abin da jikinsa ba ya karɓa yana so a sa a lissafi, ya same ni a kicin ɗin sashenmu ranar Laraba bayan lakcar ƙarfe goma. Ku zo da tambaya, ba mai ce muku iyayi.